Yadda Ake Gano Tarihin Galaksi Daga Sinadarai da Shekarun Taurari

Tauraro irin Rana yana riƙe da sinadaran gajimaren gas ɗin da aka haife shi a ciki. Wutar nukiliya tana can cikin cibiyarsa tana aikinta, amma fatarsa ta waje, wadda haskenta ke iso mana, kusan ba ta canzawa har shekaru biliyoyi. Don haka idan ka auna ƙarfe da magnisiyam da ke fatar tauraro, ka kuma san shekarunsa, ka san yadda gas ɗin galaksi, wato babban tarin taurari da gas da ƙura da tauraron ke ciki, yake a lokacin haihuwarsa. Kamar tukunyar miya ce da ake ta ƙara wa gishiri da ruwa tun safe, ana kuma ɗiba a kwanuka lokaci zuwa lokaci: kowane kwano yana riƙe da ɗanɗanon sa'ar da aka zuba shi. Aikin mai samfuri, wato mai kwaikwayon rayuwar galaksi da lissafi, shi ne ya jera kwanukan bisa lokaci, ya faɗi yaushe aka ƙara gishiri, yaushe aka ƙara ruwa.

Sararin samaniya ya soma, shekaru biliyan 13.8 da suka wuce, da haidirojin kusan kashi 75 cikin 100 na nauyi, hiliyam kusan kashi 25, sai ɗan litiyam kaɗan. Kusan duk sauran sinadarai taurari ne suka ƙera su, kamar yadda Margaret Burbidge, Geoffrey Burbidge, William Fowler da Fred Hoyle suka shimfiɗa a 1957. Wadda ta mayar da wannan ya zama lissafin rayuwar galaksi ita ce Beatrice Tinsley, kuma tsarin da ta tattara a 1980 shi ne har yau ƙashin bayan abin da za mu bi a nan, a kan galaksinmu na Milki Wei.

Mataki na 1: Saba da ma'auni

Ba a faɗin yawan sinadari kai tsaye, ana gwada shi ne da na Rana, a ma'aunin logaridim. Idan an rubuta [Fe/H] = 0, ƙarfen tauraron (Fe) bisa haidirojin (H) daidai yake da na Rana. Idan −1 ne, kashi ɗaya cikin goma na Rana ke nan, −2, ɗaya cikin ɗari, +0.3, ninki biyu. Haka [Mg/Fe] ke gwada magnisiyam da ƙarfe. Tauraron SMSS J0313−6708 da aka sanar a 2014 yana ƙasa da −7.

Ka rubuta tun farko wane jadawalin sinadaran Rana kake amfani da shi, domin ba su zo ɗaya ba. Na Martin Asplund da abokan aikinsa na 2009 ya sa jimillar sinadarai masu nauyi a 0.0134 na nauyin Rana, wasu kuma sun ɗara haka. Idan bayananka na kan jadawali ɗaya, samfurinka na kan wani, za ka ga giɓin da babu shi a sama.

Mataki na 2: San wanda ke fitar da me, da kuma yaushe

Duk dabarar tana kan bambancin lokaci. Taurari masu nauyin da ya haura na Rana sau 8 ba sa daɗewa; cikin 'yan shekaru miliyan zuwa kusan miliyan 40 cibiyarsu ke ruftawa su fashe. Wannan fashewa, da ake kira sufanoba, ita ke watso oksijin, magnisiyam, silikon da kalsiyam, waɗanda ake kira sinadaran alfa, tare da ɗan ƙarfe. Sai sufanoba nau'in Ia, fashewar farin wada, wato ƙanƙanin ragowar mataccen tauraro, idan yana da wani tauraro abokin zama, wadda kowace ɗaya ke zubo ƙarfen da ya haura rabin nauyin Rana, amma ba ta kawo magnisiyam ɗin a zo a gani. Ita tana jinkiri: wasu na fashewa bayan shekaru miliyoyi, wasu sai bayan biliyoyi, kuma yawansu na raguwa kusan daidai da ɗaya bisa lokacin da ya shige.

Sakamakon haka, idan aka zana [Mg/Fe] bisa [Fe/H], taurarin farko suna fitowa da [Mg/Fe] a sama, wajen +0.3 zuwa +0.4, a shimfiɗe. Da nau'in Ia ya kankama, ƙarfe ya yi yawa, layin sai ya karyo ƙasa. Wurin karyewar shi ake kira gwiwa. Galaksin da ya yi saurin haifar taurari yakan tara ƙarfe da yawa kafin gwiwar ta zo. A unguwar Rana tana wajen [Fe/H] na −1 ko sama da haka, a ƙaramin galaksin Sculptor kuwa wajen −1.8.

Akwai wasu hanyoyi biyu. Taurari masu matsakaicin nauyi, a ƙarshen rayuwarsu, suna fitar da kabon, naitirojin, bariyam da itiriyam a hankali ta iskarsu. Yurofiyam da zinare kuwa suna buƙatar ambaliyar niyutiron, irin wadda aka shaida a karon taurarin niyutiron biyu, wato dunƙulalliyar cibiyar da manyan taurari ke bari bayan fashewa, ranar 17 ga Agusta 2017. Shawarata ka bar waɗannan sai daga baya. Soma da magnisiyam ko oksijin, da ƙarfe.

Mataki na 3: Zaɓi bayanai ka tace su

Manyan ma'ajiyoyin kyauta ne ga duk mai intanet. APOGEE ya auna bakan haske, wato hasken tauraro da aka rarraba launi-launi, a zangon infared da ido ba ya gani, abin da ya ba shi damar ratsa ƙurar faifan galaksi, shimfiɗaɗɗen sashen da Rana ke ciki, daga na'urar hangen Apache Point a Amurka da ta Las Campanas a Chili. Fitowarsa ta 17, a ƙarshen 2021, ta ƙunshi taurari sama da 650,000. GALAH yana aiki da na'urar mita 3.9 a Ostireliya, yana ba da sinadarai har kusan 30 ga tauraro guda. LAMOST na ƙasar Sin yana da miliyoyin bakan haske, sai dai ba su kai waɗancan kaifi ba. Nisa da motsi kuwa daga kumbon Gaia za ka samo su, wanda fitowarsa ta uku a Yunin 2022 ta ƙunshi abubuwa kusan biliyan 1.8.

Ɗauki ma'ajiya ɗaya ka tsaya a kanta. Tauraro guda yakan samu [Fe/H] mabambanta a ma'ajiyoyi biyu, da tazarar 0.05 zuwa 0.1, kuma wannan ya isa ya haifar maka da tarihin ƙarya. Sannan ka tace: cire duk wanda aka yi wa tutar gargaɗi, cire mai rauni a siginar haske, taƙaita zafi da girman taurarin zuwa zango ɗaya don kurakuran awo su zama iri ɗaya. A Gaia, lambar RUWE, mai nuna ingancin awon wurin tauraro, idan ta wuce 1.4 takan nuna tauraro mai abokin zama; ajiye shi gefe.

Kafin ka ci gaba, gwada bayanan a kan rukunin taurarin M67, mai shekaru kusan biliyan 4 da sinadarai kusa da na Rana. 'Yan rukuni ɗaya gas ɗaya ya haife su, don haka warwatsuwar da ka gani a tsakaninsu ita ce ainihin girman kuskurenka, ba wadda aka rubuta a jadawali ba. Ka kuma tuna cewa a jajayen ƙattai, wato taurarin da suka kumbura suka yi ja a ƙarshen rayuwarsu, kabon da naitirojin na fata sun riga sun gauraya da na ciki. Ba na haihuwa ba ne.

Mataki na 4: Shekaru

A nan gizo ke saƙar. Sinadari ana ganin layinsa a bakan haske. Shekaru ba wanda ke ganinsu. Tauraro ɗaya tak muka san shekarunsa da awo mai zaman kansa, wato Rana, biliyan 4.6, shi ma daga duwatsun da ke faɗowa daga sama aka samo. Na sauran duk ta hanyar samfurin rayuwar taurari ake ƙiyasta su.

Hanya ta farko ita ce layin sa'anni. Ana lissafa inda taurarin da aka haifa tare za su kasance a taswirar zafi da haske bayan shekaru kaza, sai a duba wane layi tauraronka ya fi kusa da shi. Ga tauraron da ke tsakiyar rayuwarsa, layukan a cunkushe suke, ba za ka bambance biliyan 2 da biliyan 8 ba. Ga jajayen ƙattai ma haka. Inda layukan ke buɗewa shi ne lokacin da haidirojin ɗin cibiya ya ƙare, tauraron ya kama hanyar zama ƙato amma bai kai ba. A wannan ɗan zango, haskensa kusan kai tsaye yake faɗin shekarunsa. Da irin waɗannan taurari kusan 250,000, daga LAMOST da Gaia, Maosheng Xiang da Hans-Walter Rix suka yi aikinsu na 2022, da kuskuren da bai kai kashi 10 cikin 100 ba.

Ta biyu ita ce awon girgizar taurari. Tauraro yana kaɗawa kamar yadda Rana ke yi duk bayan minti biyar, haskensa na ɗan sama da ƙasa. Kumbon Kepler da aka harba a 2009 ya auna wannan ga dubban jajayen ƙattai. Daga lambobi biyu, mitar da kaɗawar ta fi ƙarfi da tazarar da ke tsakanin mitoci, ake fitar da nauyi da faɗin tauraro. Nauyi kuma shi ke yanke tsawon rai: Rana na da kusan biliyan 10, mai ninki biyu na nauyinta ɗan abin da ya haura biliyan 1. Amma ka lura, kuskuren kashi 10 a nauyi yana komawa kusan kashi 30 a shekaru.

Ta uku, ga ƙattan da ba a auna girgizarsu ba, ana amfani da [C/N], wato kabon bisa naitirojin, domin zurfin gaurayar nan da na ambata ya dogara da nauyi. Ana horar da kwamfuta a kan taurarin Kepler, sai ta ƙiyasta wa dubban ɗaruruwa. Yawa akwai, amma kuskuren na kai kashi 30 zuwa 40, kuma irin wannan horo yakan janyo tsofaffin taurari su zama kamar ba su kai haka tsufa ba.

Abu biyu nake roƙo a nan. Idan ka ga tauraron da aka ba shekaru biliyan 15, kada ka share shi don ya girmi sararin samaniya. Warwatsuwar kuskure ce, kuma idan ka yanke gefe ɗaya ka bar ɗaya, ka karkatar da matsakaicin. Na biyu, za ka tarar da 'yan taurari masu alfa da yawa amma da alamar ƙuruciya, kamar yadda aka ruwaito a 2015. Yawancin masu bincike na ganin tsofaffi ne da suka zuƙi gas daga abokin zama suka yi nauyi. Kada ka sauya tarihin galaksi saboda su.

Kauce wa amfani da [Mg/Fe] ko [Y/Mg], itiriyam bisa magnisiyam, a matsayin agogo sannan ka dawo ka gwada samfurinka na sinadarai da shekarun da suka bayar. Kewaya ce kawai, tunda daga sinadaran aka ciro shekarun.

Mataki na 5: Gina samfurin yanki ɗaya

Akwai manhajoji na kyauta a harshen Python, irin su VICE, flexCE, OMEGA da Chempy. Duk da haka, rubuta naka tukuna. Bai kai layi ɗari ba, kuma sai ka rubuta za ka san abin da waɗancan ke yi a ɓoye.

Ɗauki yanki ɗaya na galaksi, ka ɗauka gas ɗinsa a gauraye yake sarai. Kana buƙatar abubuwa biyar: saurin shigowar sabon gas, lokacin da gas ke ɗauka kafin ya zama taurari, τ, yawan gas da fashe-fashe ke kora waje bisa kowane nauyin tauraro da aka haifa, η, kason da taurari ke mayarwa idan sun mutu, r, da kason fitarwa, y, wato nauyin sabon sinadari bisa nauyin taurarin da aka haifa. Biyun ƙarshe sun dogara da rabon nauyin taurari a haihuwa. Da rabon Edwin Salpeter na 1955, r na kusan 0.3, da na Pavel Kroupa na 2001, kusan 0.4.

A kowane taku na shekaru miliyan 10, yi wannan:

haihuwar taurari = gas ÷ τ

canjin gas = shigowa − (1 + η − r) × haihuwa

canjin oksijin = y × haihuwa − (1 + η − r) × Z × haihuwa

inda Z shi ne kason oksijin a cikin gas, an kuma ɗauka gas mai shigowa tsantsa ne. Ga ƙarfe, ƙara abin da nau'in Ia ke kawowa: a kowane taku, waiwaya duk ƙarnonin baya, ka auna kowanne da jinkirinsa. Taku 1,300 ya ishe ka shekaru biliyan 13.

Gwajin farko, rufe ƙofofi: babu shigowa, babu fita. Dole lissafinka ya ba da Z = y ÷ (1 − r) × ln(1/μ), inda μ shi ne kason gas da ya rage. Idan bai ba da haka ba, akwai kuskure a rubutunka. Wannan rufaffen akwati yana kuma koya maka darasi. Idan kashi 10 na gas ya rage, yana hasashen kusan rabin taurari masu tsawon rai za su kasance ƙasa da rubu'in sinadaran yau. A unguwar Rana 'yan kaɗan ne cikin ɗari. Sidney van den Bergh a 1962 da Maarten Schmidt a 1963 ne suka gano wannan saɓani, kuma bayanin da aka fi karɓa shi ne faifan galaksi a hankali ya tara gas ɗinsa.

Yanzu buɗe ƙofofin, ka sa lambobin gwaji: y na oksijin 0.015, η 2.5, r 0.4, τ biliyan 1, haihuwa ba ta canzawa. Za ka ga Z ya hau da sauri ya tsaya cik a y ÷ (1 + η − r), wato 0.015 ÷ 3.1 = 0.0048. Idan na Rana 0.0056 ne, [O/H] ya zama −0.06. Lokacin isa wannan daidaito kuwa τ ÷ 3.1 ne ke auna shi, kusan shekaru miliyan 320. David Weinberg da abokan aikinsa sun fayyace wannan hali a 2017, kuma a ganina shi ne abu mafi amfani da mai koyo zai riƙe: gas ba ya ta tara sinadarai har abada, yana kai wa matakin da abin da ke shigowa ya yi daidai da abin da ke fita. Shi ya sa Rana, mai shekaru biliyan 4.6, take da sinadarai kusan daidai da na jariran taurarin da ke kewaye da ita yau, ba tare da an yi mamaki ba.

Mataki na 6: Bi da samfurin ta hanyar da bayanai suka bi

Wannan ne matakin da aka fi tsallakewa, kuma tsallake shi ke lalata aiki. Samfurinka yana ba da siririn layi na gas bisa lokaci. Na'urar hange kuwa ta ga taurarin da suka rayu, masu hasken da ya isa, a sashen sama da aka nufa, da kuskure a kan kowane awo. Ba a ɗora layin a kan ɗigogin a ce ya ratsa tsakiyarsu.

Ciro taurarin kwaikwayo daga samfurin, yawansu a kowane zamani daidai da haihuwar zamanin. Ba kowanne nauyi, ka cire waɗanda suka mutu, ka bar waɗanda ke matakin rayuwar da ka zaɓa. Wannan kaɗai yana sauya hoto sosai, domin jerin jajayen ƙattai ya fi karkata ga matasa fiye da jerin ƙananan taurari. Bi da su ta ƙa'idar zaɓen ma'ajiyar, ta haske da launi da wuri. Daga ƙarshe zuba musu kuskure irin na gaskiya, kashi 30 a shekaru idan haka naka yake. Za ka ga sauyin da ya faru farat ɗaya a samfuri ya baje ya zama gangara mai laushi. Sai yanzu ne za a kwatanta.

Mataki na 7: Kwatanta, ka san iyakar abin da ka samo

Gwada abubuwa huɗu tare: rabon [Fe/H], taswirar [Mg/Fe] bisa [Fe/H], sannan kowannensu bisa shekaru. Manhaja irin emcee za ta yawata cikin lambobin ta nuna maka zangon da ya dace da bayanai.

Za ta kuma nuna maka wata matsala. Raba y biyu ya zama 0.0075, ka rage η zuwa 0.95, daidaiton ya sake zama 0.0048. Sinadarai kaɗai ba sa bambance galaksi mai yawan fitarwa da yawan asara da mai ƙarancin duka biyun. Jadawalan fitarwa kuma, na Woosley da Weaver na 1995, na Nomoto da abokansa na 2013, na Limongi da Chieffi na 2018, sukan saɓa da ninki biyu ko fiye, musamman saboda ba a daddale waɗanne manyan taurari ke fashewa ba, waɗanne ke ruftawa shiru su zama baƙin rami. Don haka ka faɗi η tare da y ɗin da ka ɗauka, ka maimaita aikin da jadawali biyu aƙalla.

Samfurin yanki ɗaya zai gaza a wuri biyu, kuma gazawar ce ke kai ka ga tarihin gaskiya. Na farko, a taswirar [Mg/Fe] faifan galaksi jeri biyu ne da kwari a tsakani: masu alfa da yawa, tsofaffi, waɗanda suka yi daidai da faifai mai kauri da Gerry Gilmore da Neil Reid suka bayyana a 1983, da masu ƙarancin alfa na siririn faifai. Cristina Chiappini, Francesca Matteucci da Raffaele Gratton sun ba da shawara a 1997 cewa sau biyu gas ya shigo, na biyun ya tsarma na farko. Shekaru ne ke gwada wannan, domin yana hasashen [Fe/H] ya faɗi a wani zamani sannan ya farfaɗo. Xiang da Rix sun samu cewa tsohon faifan ya soma tun shekaru biliyan 13 da suka wuce, haihuwar taurarinsa ta kai ƙololuwa wajen biliyan 11, kusa da lokacin da galaksin Gaia-Enceladus ya faɗo cikin namu, sannan abubuwa suka lafa daga wajen biliyan 8.

Na biyu, a kowane rukunin shekaru [Fe/H] a warwatse yake fiye da kuskuren awo, abin da Bengt Edvardsson da abokansa suka nuna tun 1993 da taurari 189. Mafi yawan ƙarfe a kusa da mu, masu +0.3 zuwa sama, ba su ne mafi ƙuruciya ba. Ƙarfe na raguwa da kusan 0.06 a kowane kilofasek (ma'aunin nisa na cikin galaksi) da aka ƙara nisa daga tsakiyar galaksi, don haka mai +0.3 ya yi kama da wanda aka haifa kilofasek 5 can ciki. Jerry Sellwood da James Binney sun nuna a 2002 cewa hannayen galaksi masu murɗewa na iya matsar da tauraro nesa ba tare da sun ɓata zagayensa ba, kuma Ralph Schönrich da Binney sun nuna a 2009 cewa wannan ƙaura na iya samar da jeri biyun nan na [Mg/Fe] ba tare da shigowar gas ta biyu ba.

Don shigar da ƙaura, raba faifan zuwa zobba, kowanne da τ da η nasa, ka gudanar da lissafin mataki na 5 a kowane zobe, ka bar taurari su bazu daga zoben haihuwarsu da faɗin da ke ƙaruwa da shekaru. Gudanar da shi sau biyu, da shigowar gas ta biyu da kuma ba ita, ka bi da duka biyun ta mataki na 6. Inda za su fi rabuwa shi ne taurari masu shekaru biliyan 6 zuwa 10, a zobba na ciki da na waje, don haka a wannan zango ka nemi shekarun da kuskurensu bai wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba.